Bashin da Rana ke Bin Katako

A farkon shekarun 1990 wani sabon kayan gini ya shigo kasuwannin Amurka, wanda aka haɗa da garin katako da narkakkiyar roba, aka matso shi daga inji dogo-dogo kamar falankin da kafinta ya fere. Da shi ake shimfiɗa dandamalin shan iska da Amurkawa ke ginawa a bayan gidajensu, da baranda, da shinge, da kujerun lambu. Abin da ya sa ya karɓu shi ne alkawarin da ya zo da shi: ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, ba ya tsagewa ya soki ƙafa, sannan mai gida ya huta da fenti har abada. Kashi na ƙarshe na wannan alkawari ne ya karye, kuma karyewarsa ta jawo ƙararraki a kotu, da janye kaya daga kasuwa, da sake fasalin sana'ar gaba ɗaya. A ganina masu wannan sana'a sun yi asarar kusan shekara 20 ne saboda sun yi watsi da abin da magina da masu fenti suka sani tun ɗaruruwan shekaru, cewa duk katakon da zai kwana a waje sai an yi masa riga mai launi wadda haske ba ya ratsawa, kuma sai an sami wanda zai ɗauki nauyin wannan riga. Katakon roba bai kuɓuta daga wannan doka ba. Ya koma gare ta ne ta doguwar hanya, bayan masu saye sun biya kuɗin darasin.

Sai a shekarar 1801 Johann Ritter, wani masanin kimiyya Bajamushe, ya gano cewa a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda yanzu ake kira ultrabayolet. Wannan sashen ne ke yi wa katako ɓarna. Jikin itace zaruruwa ne na selulos, da wani sinadari mai suna liginin da ke manne su wuri ɗaya yana ba itacen tauri da launi. Liginin na shan wannan haske fiye da komai a jikin itacen, yana farfashewa, ruwan sama ya zo ya wanke ɓaraguzansa, a bar zaruruwa tsirara, farare ko masu launin toka, sannan fumfuna ta hau ta ƙara musu duhu. Ɓarnar ba ta nutsewa ciki, a fatar sama kawai take tsayawa, ƙasa da kaurin farce. Masu bincike a Amurka sun ƙiyasta cewa katako mai laushi da aka bari tsirara yana zaizayewa kusan milimita 6 a shekara 100. Wannan kaɗan ne, amma fatar da ta farfashe tana shan ruwa, tana kumbura tana motsewa, tana tsattsagewa, kuma ta waɗannan tsagogi ne ruɓa ke samun ƙofar shiga. Mutanen da ba su taɓa jin sunan liginin ba sun ga duk wannan da idonsu, sun lura cewa bangon da ke fuskantar rana ya fi saurin tsufa, suka nemi magani.

Wata tsohuwar shaida da ke tsaye har yau tana ƙasar Norway. Akwai majami'u 28 na katako zalla da suka rage daga zamanin tsakiya, irin su ta Urnes da aka gina wajen 1130, da ta Borgund da ta biyo bayanta da wasu shekaru. Abin da ya raya su shekara 800 shi ne kwaltar da ake tatsowa daga saiwa da kututturen itacen fain ta hanyar turara su a rami, a shafe bango da rufi da ita har su yi baƙi. Kwaltar tana korar ruwa, tana kuma tare haske, amma ita ma rana na cin ta, musamman ta ɓangaren kudu. Saboda haka tsofaffin dokokin lardunan ƙasar suka ɗora wa manoman kowane yanki nauyin sake shafa wa majami'arsu kwalta duk shekara uku. Wannan doka ta fi kwaltar kanta muhimmanci a wurina, domin tana nuna cewa mutanen sun fahimci kariya aiki ce da ake maimaitawa, har suka sa ta cikin hakkokin da jama'a ke bin juna. Maƙwabtansu na Suwidin sun bi wata hanyar. Mahaƙar tagulla ta Falun, wadda a ƙarni na 17 take samar da kaso mafi tsoka na tagullar Turai, ta tara tsaunukan tarkacen dutse mai ɗauke da ƙarfe. Idan aka wanke wannan tarkace aka gasa, sai ya ba da jan gari na tsatsar ƙarfe, a dafa shi da ruwa da garin hatsi da ɗan mai, ya zama fenti. Da farko masu hali ne suke shafa shi don gidan katako ya yi kama da na jan bulo. Daga 1764 aka fara sarrafa shi a matsayin sana'a mai ɗorewa, kuma zuwa ƙarni na 19 ya game ƙauyuka, har jan gida mai fararen kusurwoyi ya zama alamar ƙasar. An rufe mahaƙar a 1992, amma har yau ana yin fentin da tarkacen da ta bari. Sirrinsa shi ne tsatsar ƙarfe ba ta koɗewa, tana tare haske, kuma fentin ba ya ɓarewa ɓawo-ɓawo. A hankali yake zama gari, a goge da buroshi a sake shafawa. A yammacin Japan kuwa babbake fuskar falankin itacen sugi ake yi, gawayin ya zama rigar.

Kwalta, jan tsatsa, gawayi: abin da ya haɗa su shi ne duk suna rufe fuskar katako daga haske. Duk wanda ya so ya ga kyawun zanen itacen ya shafa banish mai sheƙi wanda ido ke ratsawa, ya sha wahala, domin haske na bi ta cikinsa ya cinye liginin da ke ƙasa, banish ɗin ya rasa abin kamawa ya ɓare cikin shekara biyu ko uku. Cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da aka kafa a Madison ta jihar Wisconsin a 1910 ta shafe shekaru tana gwada wannan a filayen gwaji, kuma sakamakon bai taɓa canzawa ba: gwargwadon yawan launin da ke cikin abin shafawa, gwargwadon daɗewarsa. Sai dai ƙarni na 19 da na 20 sun karkatar da hankalin mutane zuwa wani maƙiyin dabam. Titin jirgin ƙasa da turakun waya sun buƙaci katakon da ba zai ruɓe a cikin ƙasa ba. A 1838 John Bethell ya sami rajistar hanyar cusa man kiriyosot cikin katako da matsin iska a Ingila, sannan a shekarun 1930 Sonti Kamesam, wani injiniya ɗan Indiya, ya haɗa maganin tagulla da kuromiyam da asanik. Da katakon da aka jiƙa da wannan magani aka gina miliyoyin dandamali a Amurka daga shekarun 1970. Ba ya ruɓewa, amma yana yin fari, yana tsagewa, yana karkacewa, kuma mai gida na shan wanki da shafe-shafe kusan kowace shekara. A nan ne mutane suka fara cakuɗa maƙiya biyu, ruɓa da rana, suka ɗauka abin da ya yi maganin ɗaya ya kamata ya yi maganin ɗayan.

Ita ma roba tana da nata tarihin da rana, kuma ya isa ya zama gargaɗi. An gano foliyetilin, robar da ake yin leda da ita, a ɗakin binciken kamfanin ICI a Ingila a 1933. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin tarho suka so su maye gurbin dalma mai nauyi da tsada da ake naɗe wayoyinsu da ita, amma robar da aka rataya a sarari takan bushe ta farfashe cikin ɗan lokaci. A ɗakin binciken Bell aka ga cewa ɗan kunkunniya, kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, yana tare hasken, sai dai yana raunana magungunan da ake zubawa don hana iska cin robar. Lincoln Hawkins, baƙar fatan Amurka da ya shiga wurin aiki a 1942, shi da abokan aikinsa suka samo a shekarun 1950 magungunan da ke tafiya tare da kunkunniyar ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba, aka sami wayar da ke shekaru da dama a waje. Wannan ne dalilin da ya sa wayoyin kan turaku da yawancin tankunan ruwa na kan rufi baƙaƙe ne, kuma duk wanda ya ga yadda farar kujerar roba ke yin gari-gari ta karye bayan ta sha rana ya ga abin da ake gudu. Daga baya kamfanin Geigy na Suwizalan ya fito da sinadaran da ke shanye ultrabayolet, sannan a shekarun 1970 shi da Sankyo na Japan suka kawo wani rukunin da ke kama ɓarnar tun tana farawa. Duk da haka, garkuwar roba mafi arha kuma mafi ƙarfi ta ci gaba da zama baƙin hayaƙi, ɗan'uwan gawayin Japan da kwaltar Norway.

To ta yaya aka haɗa abu biyu da kowannensu ke tsoron rana, aka ce haɗin ba ya tsoronta? Amsar tana cikin inda sana'ar ta taso. Tun bayan da Leo Baekeland ya ƙirƙiro robar Bakelite a 1907 ake zuba garin katako cikin roba don rage tsada. A shekarun 1970 wasu kamfanonin Italiya suka fara yin allunan cikin mota da garin katako da roba, kuma a 1983 aka buɗe irin wannan masana'anta a Sheboygan ta Wisconsin. Waɗannan alluna a ɓoye suke a bayan yadi da fata, ba ruwansu da rana ko damina. Fitowa waje ta zo ne ta ƙofar neman yadda za a yi da shara. Wani ɗan kasuwa mai suna Roger Wittenberg ya haɗa tsofaffin ledoji da garin katako, sashen sinadarai na kamfanin mai na Mobil ya saye fasahar a 1992, sannan a 1996 wasu manyan ma'aikatan Mobil huɗu suka saye ɓangaren da ke yin falankin suka kafa Trex a Winchester ta jihar Virginia. Kamfanin AERT na Arkansas ma ya shigo a daidai wannan lokaci. Tunanin da aka gina kasuwar a kai shi ne robar za ta lulluɓe kowace ƙwayar katako ta kare ta. Ga kuma sa'a: damuwa kan asanik ta sa aka daina yin tsohon katakon magani don gidaje daga ƙarshen 2003, masu saye suka yi tururuwa zuwa sabon kayan.

Abin da ya faru a kan dandamalin ya saba wa wannan tunani. Rabin falankin ko fiye katako ne, kuma ƙwayoyinsa da yawa suna leƙowa a fuska, ko dai siririyar roba ce kawai a kansu, wadda haske ke ratsawa. Rana ta cinye liginin ɗinsu, launin ya koɗe cikin 'yan watanni. Ita ma robar ta fara tsattsagewa ƙanana-ƙanana, ruwa ya shiga, ƙwayoyin katako suka kumbura suka ƙara buɗe tsagogin, haske ya ƙara nutsawa. Nicole Stark ta cibiyar Madison da Laurent Matuana sun bi wannan daki-daki a jerin gwaje-gwaje a shekarun 2000. Sun nuna cewa haske da ruwa tare sun fi haske kaɗai ɓarna nesa ba kusa ba, cewa falankin da fuskarsa ta fi yawan roba ya fi jurewa, kuma cewa garin launi da sinadaran da ke shanye haske sun fi rukunin magungunan da Geigy da Sankyo suka kawo hana koɗewa, domin waɗannan na ƙarshe robar suke karewa, ba liginin ba. Kotuna ma sun faɗi nasu. A 2004 Trex ya sasanta wata ƙarar haɗin gwiwa a New Jersey ba tare da amsa laifi ba, daga baya ya sasanta wata kan ɓarewar fuskar falankan da aka yi a masana'antarsa ta Nevada, sannan a 2013 wata kan fumfuna da koɗewar launi. A 2005 aka janye wasu falankan GeoDeck daga kasuwa saboda zafi da rana na saurin lalata su, a 2009 kuma kamfanin Louisiana-Pacific ya janye kimanin ƙafa miliyan 48 na nasa saboda suna iya karyewa da mutum a kai. Mafitar da masana'antar ta koma gare ta a wajajen 2009 da 2010 ita ce a matso falankin tare da siririyar riga ta roba wadda babu garin katako a cikinta, cike da garin launi da magungunan tare haske. Garin launin kuwa, a mafi yawan launuka ja da ruwan ƙasa da toka, tsatsar ƙarfe ce da kunkunniya da farin taitaniyam.

Wani zai ce koɗewa ai kwalliya ce kawai, falankin da ya yi fari yana nan da ƙarfinsa, har ma akwai masu son launin tokar tsohon katako. Akwai gaskiya a nan, kuma a itace zalla gaskiyar ta fi yawa, tunda ƙarƙashin fatar da ta tsufa akwai lafiyayyen jiki da za a iya gogewa a fito da shi. Amma a katakon roba canjin launi alama ce ta cewa fuskar ta buɗe, kuma gwaje-gwajen sun nuna ƙarfin ɗaukar nauyi na raguwa tare da ita. Ban da haka, wanda ya biya ninkin kuɗin katako don an ce masa launin zai tsaya, ba adalci ba ne a ce masa ya koyi son launin toka. Wani kuma zai ce kwatanta rigar zamani da kwalta ko jan fentin Falun rage darajar kimiyya ne, domin a cikin rigar akwai sinadaran da manoman Norway ba su taɓa mafarkinsu ba. Ban musa ba. Rigar da za ta yi shekara 25 ba a taɓa ta ba ci gaba ne na gaske kan wadda ake sabuntawa duk shekara uku, kuma waɗanda suka haɗa ta sun cancanci yabo. Abin da nake cewa shi ne sinadaran sun tsawaita ran rigar ne, ba su kawar da buƙatarta ba. An gwada zuba su cikin falanki marar riga, an ga iyakarsu. Ƙa'idar ita ce dai wadda maginin Hausa ke bi idan ya binne azara cikin ƙasa ya bi bangon da yaɓen makuba: abin da ke ɗaukar nauyi yana ciki, abin da ke ɗaukar dukan rana da ruwa yana waje.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa bai kamata a tsananta wa sana'ar ba. Kowace sabuwar fasaha tana tuntuɓe, kuma wannan ta mayar da tarin leda da garin katako da za su tafi juji kayan amfani, ta rage dogaro da katakon asanik da kuma sare itatuwan dazuzzukan wurare masu zafi. Na yarda da duk wannan, kuma shi ya sa nake son kayan su yi nasara. Amma tuntuɓen nan ba na rashin sani ba ne. Labarin liginin yana rubuce a Madison, labarin foliyetilin yana rubuce a ɗakin binciken Bell, shekaru da dama kafin a matso falanki na farko. Abin da ya hana a yi amfani da su shi ne talla ta riga bincike gudu, kuma kalmar "babu kulawa" tana sayar da kaya fiye da kowane bayani na gaskiya. Asarar ba ta tsaya kan masu gidajen da suka cire dandamalinsu ba, ta shafi amincin kayan da aka sake sarrafawa daga shara baki ɗaya, wanda ke da wuyar ginawa tun farko.

Ita ma rigar tana da kuɗin da ake biya. Launi mai duhu da ke tare haske yana shan zafi, har falankin ya gagari tafin ƙafa da tsakar rana, kuma roba na miƙewa da zafi ta motse da sanyi, shi ya sa dole a bar tazara a mahaɗa. Wannan ya fi shafar ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya. Madison tana wajen digiri 43 arewa, Kano kuwa wajen 12, inda rana ke hawa kusa da tsakar ka mafi yawan shekara, ultrabayolet ɗinta ya fi ƙarfi, ga ƙurar hunturu da ke goge fuskar komai. Alkawarin da aka auna a can ba lallai ya cika a nan ba. Wanda zai sayi irin wannan falanki a ƙasa mai zafi ya kamata ya duba yankakken bakinsa ya ga ko akwai riga, ko ta zagaye ɓangarorin duka, ya zaɓi launi mai haske idan wurin ba inuwa, ya kuma san cewa rumfa ko inuwar bishiya ta fi kowane sinadari sauƙaƙa wa falankin. Takardar garantin manyan kamfanoni ma, idan aka karanta ta a tsanake, ba ta cewa launi ba zai canza ba, cewa take ba zai wuce wani mizani da aka ƙayyade ba.

Akwai kuma tambayar da har yanzu lokaci bai amsa ba. Tsohon falanki marar riga, duk da aibinsa, idan ya koɗe ana iya wanke shi a shafa masa fenti ko man launi ya kama, domin ƙwayoyin katakon fuskarsa na sha. Mai riga kuwa santsinsa ba ya riƙe fenti da kyau, ba a goge shi da takardar yashi, kuma idan rigar ta yage ko ta ƙare, kafinta ba shi da hanyar sabunta ta a wurin, sai dai a ciro falankin a sa wani. Nauyin da a da yake kan mai gida da buroshinsa ya koma kan masana'anta da injinta, a biya shi gaba ɗaya ranar saye. Falankan farko masu riga an shimfiɗa su ne a wajajen 2010 da garantin shekara 25, wato sai tsakiyar shekarun 2030 wa'adinsu zai cika, kuma yawancin abin da ake faɗa kan daɗewarsu ya fito ne daga akwatunan gwaji masu fitilu da feshin ruwa, waɗanda ke kwaikwayon shekaru cikin 'yan watanni.